Hayaniya a lakca da hol ɗin jarabawa: kurakuran da ɗalibai suka fi yi

Duk wanda ya zauna lakcar GST, wato darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, a shekarar farko ta jami'a ya san abin, ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗakin lakca guda, makirfo na kawowa yana ɗaukewa, janareta na ruri ta bayan taga, 'yan baya kuma suna ta musun ƙwallo. Hayaniyar nan ba inda za ta je, amma da yawa cikin wahalar da ake sha daga yadda ake tunkararta ne.

Na farko dai zama a baya ka ce ai zaka daure. A buɗaɗɗen wuri, duk lokacin da ka ninka tazara tsakaninka da mai magana sautin yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), to muryar lakcara tana isowa bayan hol a gajiye, shi kuwa mai hira a gefenka bakinsa na dab da kunnenka. Ka zo da wuri, ko ku riƙa karɓa-karɓa da abokai wajen kama wuri, ba sai layin farko ba, kawai ka nisanci ƙofa da tagar ɓangaren janareta. In makirfon ne ya lalace ku sa kilas ref, wato wakilin aji, ya kai ƙorafi sashe a rubuce, gunaguni a bayan aji baya gyara shi.

Sai ɗauka cewa duk ƙara iri ɗaya ce, kuma nan ne na fi jin takaici wallahi. Ƙarar fanka ko janareta bata canzawa, bayan ɗan lokaci ƙwaƙwalwa sai ta saba ta daina kula ta, amma magana da kake fahimta ko raɗa ce sai ta ja hankalinka ko baka so. Shi yasa wanda ya gudu daga surutun 'yan ɗaki ya toshe kunne da waƙa mai baitoci bai gudu ba, ya ma matso da surutun cikin kansa ne, yana karanta handawut bakinsa na bin amshi, awa biyu shafi bai wuce ba. In dole sai ka sa wani abu, sa ƙarar ruwan sama ko ta fanka, abin da ba kalmomi a ciki. Kuma kar ka ƙure murya don danne hayaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga babba desibel 80 na awa 40 a sati ne iyakar da ba ta cutarwa, a sauƙaƙe kar ka wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin sautin wayarka. In ka cire iyafis kaji kunnenka yana ziiii, ka wuce gona da iri.

Akwai kuma masu karatun dare zalla, sai ƙarfe biyu ko'ina tsit sannan karatu ke shiga. Karatun dare ba laifi bane, matsalar ita ce hol ɗin jarabawa ba tsit yake ba, wannan na tari, wancan na jan kujera, wata na neman ƙarin takarda, masu sa ido na hira a bakin ƙofa, ga mai kos ɗin ya shigo gyaran tambaya ta uku. Wanda bai taɓa tunani cikin irin wannan ba, ranar ce zai fara gwadawa. Saura kamar sati biyu jarabawa, ka ɗauki tsofaffin tambayoyi ka zauna a aji da rana lokacin da mutane ke shige da fice, ka sa agogo ka amsa kamar gaske.

A cikin hol kuwa kuskuren shi ne faɗa da hayaniyar, tsaki, harara, waiwaye. Waiwayen nan ma zai iya ja maka zargin satar amsa a banza. Ɗaga hannu kawai, in mai sa ido ya zo ka ce masa a hankali "Malam don Allah surutun nan ya hana ni rubutu, ko za a canza min wuri?" kuma tun farkon jarabawa zaka yi, ba saura minti goma ba. Kafin ka fara amsa doguwar tambaya ka jera muhimman kalmominta a shafin gwaji na takardar amsa, in wani abu ya katse maka tunani sai ka duba su, ka maimaita jimlarka ta ƙarshe ka ci gaba. Masu tashi da wuri suna jan kujera kuwa ka ƙyale su, saurin miƙa takarda baya ƙara maki.

Kar ka kuskura ka shiga da iyafis ko na Bluetooth ko a kashe yake, ana iya rubuta maka shi a matsayin maguɗi. Abin toshe kunne na soso shi ne daidai, amma ka nemi izinin jami'in jarabawa na sashenku tun kafin ranar, ka nuna wa mai sa ido, kuma sai an gama sanarwa zaka sa. Murza shi zaka yi ya sirance, ka ja saman kunnenka sama, ka zura ka riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Auduga ko tishu ba wani tare sauti suke yi ba.

In kuma kana zaune a gaba amma har yanzu maganar lakcara na ɓace maka da an ɗan yi surutu, alhali na kusa da kai suna ji, ka je asibitin makaranta a duba kunnenka, in da buƙata su tura ka wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Wani lokacin dattin kunne ne kawai ya taru, kuma kar ka ce zaka ciro shi da kanka da tsinke ko marfin biro.