Yadda ake bin tarihin makarantun ƙauye masu aji ɗaya a jihar Ayowa

Duk mai son rubuta tarihin makarantun farko na wata ƙaramar gundumar karkara a tsakiyar ƙasar Amurka, ya fara da ƙasa kafin ya nemi suna. Sunan makaranta yana canzawa, ginin yana ƙonewa ko a ɗauke shi ɗungurugum a kai wata gona, amma filin yana nan inda masu awo suka shata shi. Mun ɗauki jihar Ayowa a matsayin misali domin a nan tsarin ya fi fitowa fili, kuma a farkon ƙarni na 20 tana da irin waɗannan makarantu fiye da 12,000, kowacce ɗaki ɗaya, malami ɗaya, yara daga aji ɗaya zuwa aji takwas.

Ka samu takarda ka zana murabba'i, ka raba shi gida 36. Wannan ita ce gundumar awo da dokar filaye ta 1785 ta kafa: mil 6 a tsaye, mil 6 a kwance, kowane gida, da ake kira sashe, mil ɗaya ta kowace fuska, wato eka 640. Lambar farko tana kusurwar arewa maso gabas. Daga nan ka ƙirga zuwa yamma har 6, ka sauko layi na biyu ka sa 7 a ƙarƙashin 6, ka koma gabas, haka dai kamar mai huɗa da shanu yana juyawa a ƙarshen kunya. Wanda ya fara kowane layi daga gefe ɗaya zai ajiye rabin makarantunsa a gonar da ba tasu ba. Sannan ka tabbatar ko iyakar gundumar mulki ta dace da ta awo, domin a bakin kogi sau da yawa ba sa haɗuwa, kuma makarantu na bin ta mulki ne.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi a nan. Dokar 1785 ta ware sashe na 16 domin ilimi, sai mutum ya ɗauka a nan aka gina makarantar farko. Ba haka ba ne. A wancan zamanin filin ana sayar da shi ne ko a ba da shi haya, kuɗin su shiga asusun makarantu. Makarantun kansu a Ayowa an jera su ne mil biyu tsakani, kowacce na ɗaukar yaran sassa huɗu, ginin yana kan mararrabar da sassan huɗu suka haɗu. Hakan ya ba da tara a cikakkiyar gunduma, kuma yawanci mai lamba 5 ce ke tsakiya. Ka sa ɗigo tara da fensir a zanenka. Hasashe ne kawai, amma ya nuna maka inda za ka fara dubawa, kuma duk inda makaranta ta kauce wa ɗigonta akwai dalili, ko fadama ce, ko rafi, ko manomin da ya hana fili.

Daga nan sai taswirori. Babban kundin taswirar jihar da mawallafi Andreas ya buga a 1875 yana nuna makarantu da ɗan hoton gini. Bayansa akwai littattafan mallakar gonaki da aka riƙa bugawa ga kowace ƙaramar hukuma, masu ɗauke da sunan mai kowace gona. Ka tara aƙalla uku na shekaru daban-daban, ka jera su daga tsoho zuwa sabo. Hotunan sama na ƙarshen shekarun 1930, waɗanda Jami'ar Jihar Ayowa ta sa a intanet, su ne za su raba gardama: za ka ga ɗan fili mai kusurwa huɗu an yanke shi daga gona, gini a tsakiya, ƙananan ɗigo biyu a baya, bayan gidan maza da na mata ke nan. Sai dai ka yi hattara da masu buga taswira, sukan kwafi tsohon bugu ba tare da sun je sun gani ba. Ganin makaranta a taswira ba shaida ba ce cewa ana karatu a cikinta a wannan shekarar.

Aikin da ya fi cin lokaci, kuma ya fi biya, yana ofishin rajistar filaye na ƙaramar hukuma. Ka nemi littafin jerin masu saye, ka duba ƙarƙashin sunan hukumar makarantu ta gundumar, ba sunan makarantar da mutane suka sani ba. Takardar filin za ta ce, alal misali, eka ɗaya a kusurwar arewa maso gabas ta sashe kaza, kuma awon da sanda ake yinsa, ba da ƙafa ba. Sanda ɗaya ƙafa 16 da rabi ce, fili mai sanda 10 a sanda 16 shi ne eka ɗaya cif. Ka karanta takardar har ƙarshe, domin da yawa suna da sharaɗin cewa ranar da aka daina karatu fili ya koma wa gonar da aka yanke shi. Wannan sharaɗi ne ke sa mutum ya yi kwanaki yana neman takardar sayar da filin bayan rufe makaranta bai samu ba: ba a sayar ba, komawa ya yi. Haka kuma shekarar takarda ba lallai ta zama shekarar fara karatu ba. Sau da yawa an yi shekaru ana karatu kafin a rubuta komai, wani lokacin ma a ɗakin katako na wani magidanci, iyaye na haɗa kuɗin malami gwargwadon yawan 'ya'yansu. Makarantar farko da aka sani a yankin, wadda Berryman Jennings ya koyar a cikinta a 1830 a inda yanzu ake kira ƙaramar hukumar Lee, ta riga kafuwar jihar kanta da shekara 16.

Shekaru huɗu ya kamata ka riƙe. A 1858 aka mai da kowace gunduma hukumar makarantu ɗaya mai ƙananan rassa, aka kuma kafa muƙamin mai kula da makarantu na ƙaramar hukuma. A 1872 aka ba rassan damar cin gashin kansu, shi ya sa makarantar da kake bi a matsayin reshe na 3 za ta ɓace a takardu, ta sake ɓullowa da suna. Zuwa 1966 doka ta tilasta kowane yanki ya shiga hukumar da ke da sakandare, abin da ya rufe kusan duk ragowar makarantun gwamnati masu aji ɗaya. A 1975 aka rushe ofisoshin masu kula da makarantun, takardunsu suka watse: wasu a ofishin ƙaramar hukuma, wasu a hukumar makarantar da ta gaje su, wasu a ƙungiyar tarihi ta gari ko ta jiha a Des Moines, babban birnin jihar. Ka tambayi dukansu.

In ka samu rajistar malami, kada ka ruɗe da ganin malamai biyu ko uku a shekara ɗaya. A da zango-zango ake ɗaukarsu, kuma a zangon hunturu, lokacin da manyan samari suka huta daga gona, an fi son namiji. Littafin sakataren hukuma ya fi rajista amfani wajen sanin shekarar gini, domin a ciki ake rubuta kuɗin katako, murhu da inshora.

Ginin da ya tsira, ka neme shi a matsayin rumbun masara, garejin mota, gidan zama ko zauren jefa ƙuri'a. Da izinin mai gona, ka duba ƙusa: mai jiki kusurwa huɗu ta tsohon zamani ce, zagayayyar ƙusar waya ta mamaye kasuwa ne a shekarun 1890. Amma ka duba cikin rufi, kada ka tsaya a bangon waje da aka sha gyarawa, kuma ka tuna ana sake amfani da tsohon katako. Tagogi a ɓangarori biyu tsohon fasali ne. Jerin tagogi a bango ɗaya, don haske ya zo wa yara ta hagu, na farkon ƙarni na 20 ne, lokacin da dokar inganta makarantun karkara ta 1919 ta sa ake ba da tallafi ga waɗanda suka cika ƙa'ida. Idan gini ya tafi, ka nemi duwatsun tushe, bututun famfo, da layin itatuwan da ya zagaye eka ɗaya ba gida a ciki.

Dattawan da suka yi karatu a wurin ka bar su sai ƙarshe, bayan ka riƙe taswira a hannu. Ba sa mantuwa da wanda ke ɗebo ruwa ko inda murhu yake, amma shekara tana zame musu, kuma sukan kira makaranta da sunan manomin da ke maƙwabtaka da ita a zamaninsu. Don haka makaranta ɗaya kan zo maka da suna uku. Ka buɗe wa kowane fili shafi guda, lambar sashe a sama, ka jera sunayen da gine-ginen a ƙarƙashinta, kowace shekara da takardar da ta fito daga ciki a gefenta. Shekarar da ka ji daga baki kaɗai, ka rubuta ta da fensir har sai jarida ko littafin sakatare ya tabbatar.