Shawara ga mai son gwada maus mai ƙwallo

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu tambaya kan maus ɗin nan da ba a ja a kan tebur, ƙwallonsa kawai ake murzawa: don Allah kada ku yanke masa hukunci a ranar farko. Kibiyar da ke kan allon kwamfuta za ta riƙa zarce inda kuka nufa, yatsa ya gaji. Ku rage saurinta a saitin kwamfuta, in hannu ya saba sai ku ƙara.

Iri biyu ne. Akwai na babban yatsa, kamar Logitech M575, akwai kuma mai ƙwallo a tsakiya irin Kensington Expert Mouse, wanda bahago ma zai ji daɗinsa. Ga sabon shiga na fi son na farkon, don riƙonsa bai yi nisa da maus ɗin da muka saba ba.

Babbar matsalarsa ƙura ce, musamman da hunturu. In ƙwallon ya fara cijewa, ku ciro shi waje (a M575 ta ramin ƙasa ake turo shi). Za ku ga 'yan ƙwayoyi uku da yake zaune a kansu, datti ya dunƙule kamar auduga. Ku goge da busasshen ƙyalle, ku mayar.