Yadda Ake Adana Fayil ɗin Saitin Rauta ta Cisco

Rauta na'ura ce da ke haɗa hanyoyin sadarwar kwamfutoci. Duk na'urar Cisco mai aiki da manhajar kamfanin da ake kira IOS tana riƙe da saiti iri biyu: running-config, wanda ke cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi, kuma yake gogewa da zarar an ɗauke wuta, da startup-config, wanda ke zaune a NVRAM, ma'ajiyar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta, shi na'urar ke karantawa idan ta tashi. Saboda haka, bayan kowane gyara da ka tabbatar da ingancinsa, ka rubuta copy running-config startup-config. Kada ka yi gaggawar adana gyaran da ba ka gwada ba, domin muddin ba a adana shi ba, sake kunna na'urar kaɗai ya isa ya mayar da ita yadda take.

Kwafin cikin na'ura bai wadatar ba, tun da ita kanta tana iya ƙonewa. Umarnin copy running-config tftp: yana tura kwafin zuwa sabar, wato wata kwamfutar da ke ajiye fayiloli; zai tambaye ka adireshin sabar da sunan fayil, ka sa sunan na'urar da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Sai dai TFTP, tsarin tura fayil da wannan umarnin ke amfani da shi, ba ya ɓoye bayanai, ga shi kuma fayil ɗin na ɗauke da kalmomin sirri, waɗanda na nau'i na 7 daga cikinsu (wani salon Cisco na ɓoye kalmar sirri) ake warwarewa cikin sauƙi. A ganina SCP, tsarin tura fayil mai ɓoye bayanai, ya fi dacewa.

Wajen mayar da fayil ɗin cikin na'ura ne mutane suka fi kuskure: kwafa fayil zuwa running-config gauraya shi yake yi da saitin da ke aiki, ba ya share tsoffin layuka. Idan musanyawa gaba ɗaya kake so, yi amfani da configure replace.