Kurakuran da ake yi a littattafan yara na kiwon dainaso a gida

Tunda ɗana na biyu ya kamu da son dainaso, dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, na karanta irin littattafan nan da yawa da daddare, wasu saya na yi, wasu kuma rubutun ƙawaye ne da suke turo min in duba kafin su kai wa mai zane. Labarin dai kusan ɗaya ne, yaro ya tsinci ƙwai ko ɗan dainaso, ya kawo gida, ya dinga roƙon Mama da Baba su bar shi ya riƙe abinsa. Yara suna son shi sosai wallahi, shi ya sa nake jin zafi in na ga an lalata shi da abin da gyaransa ba wuya.

Wanda ya fi damuna shi ne a ɗauko kare a sa masa fatar dainaso. Yana kaɗa jela, yana ɗauko ƙwallo, yana kwana ƙarƙashin gado, to in haka ne me ya hana a rubuta labarin kare kawai? Ai daɗin labarin gaba ɗaya yana cikin wahalar kiwon ne. Ke mai rubutu, ki zaɓi dainaso ɗaya na gaske ki san jikinsa, sai matsalolin su fito da kansu. Ga Nigersaurus misali, wanda aka tono ƙasusuwansa a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere a Nijar, masanin ƙasusuwan dabbobin da Paul Sereno da abokan aikinsa suka raɗa masa suna a 1999. Tsawonsa wajen mita 9, bakinsa mai faɗi kamar shebur, haƙora sama da 500, kuma kansa a ƙasa yake yana kiwo. Yanzu ki kawo wannan cikin gida. Ta ina zai shiga, ƙofar zaure za ta ɗauke shi? Ya share shukar Mama tas kafin a gama karin kumallo, maƙwabta sun zo ƙorafi jelarsa ta rushe musu katanga, sannan wa zai kwashe kashinsa, kuma yaron nan da aka ce ya goge masa haƙori kafin barci da buroshi ɗaya tilo, sai yaushe zai gama? Shafi goma kenan kin samu ba ki ƙirƙiri komai daga iska ba, kuma a nan ne yara suke ƙyalƙyala dariya.

Sai haɗa waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Masu zane suna son ajiye Stegosaurus kusa da T. rex suna wasa, alhali tsakaninsu akwai shekaru kusan miliyan 80, tazarar da ke tsakanin T. rex da mu ma ba ta kai haka ba. Masu tashi sama ɗin nan da fiffiken fata su ma ba dainaso ba ne, haka Sarcosuchus na Nijar ɗan'uwan kada ne. Kada ki ce ai yara ne ba su sani ba, ɗan shekara shida da ke son abin nan zai kama ki, kuma daga nan ya daina yarda da littafin.

Velociraptor kuma an zalunce shi da yawa. Ana zana shi ƙato, jiki sumul ba gashi, alhali na gasken da aka samu a Mongoliya bai wuce girman talotalo ba in aka cire doguwar jelar, kuma yana da gashi irin na tsuntsu. In kina son wanda zai iya shiga ɗaki ya ɓuya bayan labule, ga shi nan, ki zana shi yadda yake.

Akwai wani kuskure da iyaye ba sa lura da shi sai daga baya, wato yaro ya rufe littafi yana zaton mutane sun taɓa zama da dainaso ko kuma ana sayar da su a wata kasuwa. Ƙirƙira ba laifi ba ce, mu da muka tashi da gatanan gatananku mun san da an faɗi haka an shiga duniyar Gizo, da an ce ƙurunƙus an fito. Littafin ma yana buƙatar ƙofar shiga da ta fita. Shafi ɗaya a ƙarshe ya isa: dainaso sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce bayan wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo yankin Yucatán a Meziko, ba mutum ko ɗaya a lokacin, kuma tsuntsaye ne zuriyarsu da ta rage. Ranar da na gaya wa ɗana haka ya fita tsakar gida ya daɗe yana kallon ƙafar kaza.

Sunaye kuma, ki ba shi sunan gida mai sauƙi, Ɗan Baƙi ko Dogo, sunan kimiyyar ya fito sau ɗaya ko biyu a rarrabe gaɓa-gaɓa don mai karantawa kada harshensa ya sarƙe. Rubutu kada ya cika shafi, layi biyu ko uku, abin da zane ya nuna ba sai an sake faɗa ba.

Ƙarshen labarin shi ne inda da yawa suke yin gaggawa. Dainaso ya yi girma, sai kawai a shafi na ƙarshe Baba ya kira mota a tafi da shi, a biyo da nasiha kan jin maganar iyaye. Yaron da ya yi shafi ashirin yana ƙaunar dabbar nan kuka zai yi, na gani da idona. Ki bar yaron cikin labarin shi ya gane da kansa gidan ya yi wa abokinsa kaɗan, shi ya nemo masa fili mai ruwa da ganye, ya raka shi, kuma a nuna yana zuwa gaishe shi ranar Asabar. In kuna kusa da Yamai kuma, bayan kun gama karantawa ku kai yaran gidan tarihi na Boubou Hama su tsaya gaban ƙasusuwan su ɗaga kai su ga girman da ake magana.