Yadda za ka gwada kanka a gida idan numfashinka na ɗaukewa cikin barci

Ba kowane minshari ba ne na gajiya. Wani lokaci naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a dare guda. Ga tambayoyi takwas, kowace "e" maki ɗaya.

Fara da uwargida. Ana jiyo minsharinka ta bayan ƙofa? Ta taɓa ganin numfashinka ya tsaya, sannan ka zabura kamar an shaƙe ka? A ganina wannan ta biyun ta fi nauyi, domin mai barci ba ya jin kansa. In kai kaɗai kake kwana, kunna rikodar waya kusa da matashi har asuba.

Sai ka dubi yininka. Kana gyangyaɗi lokacin huɗuba, ko kan sitiyari a hanyar Bauchi zuwa Gombe, alhali ka kwanta da wuri?

Ari tef wajen tela ka auna wuyanka: ya wuce santimita 40? Sannan ka raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita, ka sake rabawa da tsayin: ya haura 35?

Sauran ukun: hawan jini, shekaru sama da 50, da kasancewa namiji.

Maki 0 zuwa 2 haɗari kaɗan ne, 3 zuwa 4 matsakaici. Daga 5 kada ka jinkirta, je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da rikodin, domin gwajin barci ne ke tabbatarwa. Kafin nan, guji maganin barci da tuƙin nesa.