Babi na 6: Guba a Wurin Aiki, Jiya da Yau

Darasi na 1: Abin da ya canza

Iyayena da 'yan uwana, barkanku da sake zuwa aji. A wannan babi za mu yi aiki da kwalbar maganin feshi. Malamin aji ne zai kawo wadda aka wanke tsaf. Kada kowa ya zo da tasa daga gida.

A da, manomi da toka ko yashi ko barkono yake adana wakensa. Marini a Ƙofar Mata ta Kano da baba da toka yake haɗa rini a karofi. Majemi da bagaruwa yake jeme fata. Ba a ce babu wahala ba, akwai hayaƙin maƙera, akwai toka mai cin hannu. Amma mutum ya san abin da yake taɓawa, domin a hannun mahaifinsa ya gan shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai magungunan ƙwari na kamfani suka shigo, irin su DDT da gamalin. Manyan cikinku sun tuna yadda ake dama gamalin da hannu, har wasu na zuba shi a tafki don kama kifi. Daga baya aka gano cewa irin waɗannan ba sa ruɓewa da wuri. Sukan yi shekaru a ƙasa, su taru a kitsen jikin mutum, su fito har a nonon uwa. Amurka ta hana amfani da DDT a gona a 1972. A 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Stockholm na Suwidin don kawar da irinsu, kuma a 2009 aka saka sinadarin da ke cikin gamalin a jerin.

To an huta ke nan? A'a. Waɗanda suka maye gurbinsu sun fi saurin ruɓewa, amma da yawansu sun fi saurin kayar da mutum. A ranar da ya shiga jiki za a ga jiri, gumi, dalalar miyau, amai, numfashi sama-sama. Sannan sun yi yawa. Maganin ciyawa ya karɓe aikin fartanya a gonaki da dama, kusan kowane ƙauye yana da 'yan feshi. Marini ya koma garin rini na kanti da soda mai ƙona fata. Masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa da sinadari suke jima. Gubar yau a kwalba take zuwa, da rubutu a jikinta. Shi ya sa muke wannan darasi.

Darasi na 2: Dubi ƙasan kwalba

Ɗauki kwalbar da hannu biyu. Kada ka buɗe. Juya ta har takardar da aka manna ta fuskance ka. A sama akwai suna da manyan baƙaƙe, wani lokaci da hoton ƙwaro ko masara. Bar wannan tukuna. Sauke idonka ƙasa, can gindin takardar. Za ka ga layi mai launi ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Sa yatsa a kai. Wannan layi shi ne abu na farko da za ka duba, kafin suna, kafin farashi, kafin murfi.

Launukan huɗu ne. Ja yana nufin guba mai tsanani, kaɗan ya isa ya yi kisa. Rawaya, wato ruwan ɗorawa, guba ce mai cutarwa sosai. Shuɗi yana cewa a yi hattara. Kore shi ne mafi sauƙi a cikinsu, amma shi ma ba ruwan sha ba ne.

Mu sake. Ajiye kwalbar. Ɗauke ta. Ina za ka duba? Ƙasa. Sa yatsa. Faɗi launin da ƙarfi yadda na kusa da kai zai ji. Madalla. Wanda bai gama koyon baƙaƙe ba kada ya ji kunya, wannan mataki ba ya neman baƙi ko ɗaya. Ido kawai yake nema.

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ana tambayar mutum launi sai ya faɗi launin murfi, ko launin kwalbar, ko na hoton tumatir. Murfi na iya zama kore alhali layin ƙasa ja ne. Ba murfi ba, Malam. Ba ruwan da ke ciki ba, Hajiya. Layin da ke gindin takarda. Miƙa wa maƙwabcinka kwalbar, shi ma ya sa yatsa ya faɗa. Idan ya yi kuskure, kada a yi masa dariya, a kama yatsansa a sauke shi ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu rufe littafi. Ja? Rawaya? Shuɗi? Kore? Buɗe ka duba ko ka dace. Gobe da safe ka maimaita. Ranar kasuwa, kafin ka zaro kuɗi, karɓi kwalbar, juya ta, dubi ƙasa. Idan magani biyu suna aiki ɗaya, ɗaya ja ɗaya shuɗi, ɗauki shuɗin.

Kuma bari in faɗa muku gaskiya. Wasunku za su faɗi launukan nan daidai a aji, su je gona su ɓalle murfi da haƙori. Ana ganinku. Mutum da furfurarsa ya ce wai jikinsa ya saba da magani. Jiki ba ya sabawa da guba, tara ta yake yi. Dubi ƙasan kwalba kafin ka buɗe. Ba zan gaji da faɗa ba.

Darasi na 3: Hotuna, da kwalbar da ba ta da takarda

A cikin layin nan mai launi akwai ƙananan hotuna. Ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye yana nufin mutuwa. Hoton safar hannu, ko takalmin roba, ko takunkumi, yana gaya maka abin da za ka sa. Hoton hannu a ƙarƙashin famfo yana cewa ka wanke bayan aiki. Kalma ɗaya ta Turanci za ka koya yau, ka rubuta ta sau biyar: DANGER. Ma'anarta haɗari.

To idan kwalba ba ta da takarda fa? Irin fiya-fiyar da ake ɗurawa a robar ruwa a sayar a tasha? Ba launi, ba hoto, ba abin da za ka sa wa yatsa. Kada ka saya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, saboda maganin gona ne da mutane suka mayar na ɗaki. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Waken da Bature ya ƙi, irinsa ne ke tukunyarmu.

Darasi na 4: Gubar da ke bin mutum gida

Ba kowace guba ce ke da kwalba ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Masu haƙar zinariya ne ke kawo dutse mai dalma cikin gida, a daka, a niƙa. Ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Dalma ba ta wari.

Don haka, kayan aiki su tsaya a wurin aiki. Yi wanka, canza riga, sannan ka ɗauki yaro. Mai gyaran batir da bakanike, har da ku.

Darasi na 5: Lokacin feshi

Riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba, safar hannu, takunkumi. Yi feshi da safe ko da yamma, iska na kaɗawa nesa da kai. Ba cin goro, ba shan taba. Idan bakin famfo ya toshe, kada ka hura da baki.

Idan wani ya sha ko ya jiƙe da magani, a cire masa kaya, a wanke shi da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa madara ko manja. A kai shi asibiti tare da kwalbar.

Darasi na 6: Kwalbar da ta ƙare

Ɗauraye ta sau uku, zuba ruwan a famfon feshi, huda ta. Ba a zuba mai ko fura a ciki.

Aikin gida: zana layi huɗu a littafinka, ja, rawaya, shuɗi, kore. Rubuta sunan kowanne a ƙasansa.