Yadda na gyara tsohuwar tasar tagulla da ta yi kore

Tasa ce ta hannu daga kasuwar Sabon Gari, Zariya, koren tsatsa ya cike zanenta. Kafin komai na kara mata maganaɗisu. Bai kama ba. Da ya kama, to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Zanen bai daidaita ba, ga sawun guduma a gindi, alamar aikin hannu irin na maƙeran Bida.

Na wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi. Na matse lemun tsami 2 a cokali 1 na gishiri, na shafa da tsumma, cikin zanen kuma na bi da tsohon buroshin haƙori. Minti 5 ya isa. In tsamin ya daɗe, yakan cinye tutiyar da ke cikin tagullar, wato farin ƙarfen da ake haɗawa da jan ƙarfe a yi tagulla, sai jajayen tabo su fito, masu wuyar fita.

Na ɗauraye da ruwan kanwa don kashe tsamin, sannan ruwa zalla, na shanya a rana, na murza kakin zuma kaɗan.

Don Allah a guji yashi da soson ƙarfe, suna shafe zane. Baƙin da ya kwanta cikin ramukan zanen kuwa na bar shi, masu saye da shi suke gane tsufan kaya.